FILIN TAMBAYA DA AMSA: Kalma ɗaya, ƙasashe biyu da ƙungiyar limaman Katolika

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya jama'a. Don Allah a gasar kacici-kacici aka yi mana wata tambaya da ta kayar da mu duka, wai wace kalmar Turanci ce take nufin ɗan wata ƙasa kuma ita ce dai sunan wata ƙungiyar addini ta 'yan Katolika. Alƙalin gasar ya ce amsar Dominican ce, amma bai yi mana bayani ba ni kuma abin ya tsaya min a rai. Shin ƙasar ce ta ari sunan ƙungiyar, ko ƙungiyar ce ta ari na ƙasar?
Daga wata ɗaliba

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Alƙalin naku ya yi daidai, sai dai ya rage muku labarin, don ƙasashen da ake kiran mutanensu da wannan kalmar ma biyu ne, Jamhuriyar Dominika da kuma tsibirin Dominika, kuma kowacce hanyar da ta samu sunan daban.

Ƙungiyar ta girme su nesa ba kusa ba. Wani limamin coci ɗan Sifaniya ne ya kafa ta, Dominik na Guzman, an haife shi wajajen 1170 a garin Caleruega. A kudancin Faransa wajen Toulouse ya fara yawon wa'azi, lokacin da aƙidar Kathar, wata ɗariƙa da cocin Katolika ke ɗauka a matsayin ɓata, ta yi ƙarfi a can, shi kuma ya lura manyan coci suna zuwa wa'azi da dawakai da barori alhali malaman Kathar a ƙasa suke tafiya cikin talauci, to wa talaka zai saurara? Sai ya tara mutane masu karatu sosai waɗanda za su rayu da sadaka su riƙa shiga gari gari. Fafaroma Honorius na 3 ya amince da su a Disambar 1216, Dominik ya rasu a Bologna a 1221. Ainihin sunansu ma Ƙungiyar Masu Wa'azi ne, shi ya sa za ki ga suna rubuta O.P., wato gajeren sunan da Latin, a bayan sunansu. Farar riga suke sawa da baƙar alkyabba a kai, har wata unguwa a Landan ake kira Blackfriars, wato limamai masu baƙar alkyabba, saboda gidansu da ya taɓa zama a wurin. Thomas Aquinas, babban malamin nan da ya rasu a 1274, nasu ne.

Toh ga inda ƙasa ta shigo. Bayan Kolombus ya isa yankin Karebiyan a 1492, ƙanensa Bartolome ya kafa wani gari a tsibirin Hispaniola, garin da ake kira Santo Domingo, kuma cikakken sunansa har yau Santo Domingo de Guzman ne, wato sunan shi wancan Dominik ɗin. Da mutanen gabashin tsibirin suka ɓalle daga Haiti, ƙasar da ke yammacin tsibirin, ranar 27 ga Fabrairu 1844, sai suka kira ƙasarsu Jamhuriyar Dominika, daga sunan babban birninsu. Kin ga ƙasar ce ta biyo baya da fiye da shekara 600.

Kuma ba a suna kawai abin ya tsaya ba, wannan ɓangaren ne ma ni ya fi ɗaukar hankalina. 'Yan ƙungiyar sun sauka tsibirin a 1510, suka tarar Sifaniyawa sun raba mutanen Taino, 'yan asalin wurin, a tsakaninsu suna sa su aikin tonon zinare suna mutuwa kamar kiyashi. A Disambar 1511 ɗaya daga cikinsu, Antonio de Montesinos, ya hau mumbari a gaban manyan gari ya tambaye su da wane haƙƙi suke bautar da waɗannan bayin Allah, shin su ba mutane ba ne? Gari ya ɗau zafi, gwamna Diego ɗan Kolombus da mutanensa suka nemi ya janye maganar, Lahadin da ta biyo ya sake hawa ya maimaita. Maganar ta kai har fadar sarkin Sifaniya, a 1512 aka fitar da dokokin Burgos kan yadda za a riƙe mutanen, ko da yake a aikace ba su hana komai sosai ba. Yanzu haka akwai wani ƙaton mutum-mutuminsa a bakin tashar jirgin ruwan Santo Domingo, hannu a gefen baki kamar mai kwarmato. Amma kar ki ɗauka tarihinsu duk fari ne fa. Torquemada, wanda ya shugabanci kotun binciken aƙida ta Sifaniya da ta ƙona mutane, shi ma ɗan ƙungiyar ne. Las Casas, wanda shi ma ya shiga ƙungiyar kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana kare 'yan asalin Amurka, da farko shi ma ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su maye gurbinsu, daga baya ya rubuta nadamarsa.

Ƙasa ta biyu kuwa, Dominika, ita babu ruwanta da limaman. Ƙaramin tsibiri ne tsakanin Guadeloupe da Martinique, babban birninsa Roseau, mutanensa wajen dubu 70. Kolombus ya hango shi ranar Lahadi 3 ga Nuwamba 1493, Lahadi kuma da Latin Dominica ce, shi ke nan suna ya zauna. Sun samu 'yanci daga Ingila a 1978, Turanci ne harshen gwamnatinsu, ita kuma Jamhuriyar Sifaniyanci suke yi kuma sun haura miliyan 10.

A rubuce kalmar iri ɗaya ce sak, a baki ne ake bambantawa. In Jamhuriyar ake nufi ko limaman, kan "mi" ake danna murya, in kuma ɗan ƙaramin tsibirin ne sai a ja "ni" ɗin, Domi-nii-kan, kuma gaskiya ba sa jin daɗi in an haɗa su da waccan. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 ma duka ƙasashen biyu sun yi fice, don Thea LaFond ta ci wa Dominika zinare a tsalle uku, lambarsu ta farko a tarihi, bayan 'yan kwanaki kuma Marileidy Paulino ta ci wa Jamhuriyar nata zinaren a tseren mita 400.