Amsa ga 'yar'uwar da ake yi wa lambunta ɓarna da dare

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce kowace safiya sai ki tarar an datse miki dashen tumatir da alayyafo a ɗan lambunki na bayan ɗaki a Mabera, tumatirin da ya fara nuna kuma an huda shi, har kina zargin ƙadangaru kina tambaya ko ki zuba shinkafar ɓera. Wallahi abin ya taɓa ni, domin duk wanda ya taɓa ɗaukar bokiti safe da yamma yana ban ruwa a ƙasar Sakkwato ya san ciwon wayar gari a ga wahalar mutum a kwance a ƙasa.

Don Allah kada ki zuba guba tukuna, ki fara sanin mai yi miki ɓarnar. Idan da dare ake yi, to ki cire ƙadangare daga zargi, domin shi ba ya fita sai rana ta ɗumama masa jiki. Yakan tsinke ɗanyen tsiro a lokacin rani idan kore ya yi wuya, amma da rana tsaka yake yi, kuma mafi yawan abincinsa ƙwari ne. Abin da za ki yi shi ne ki tankaɗe toka, ki barbaɗa ta kewaye da fangalin bayan magariba, ki duba da asuba kafin iska ta taso ko kaji su fito. Ɓera yakan bar ƙananan sawu da layin jelarsa a tsakani, da kashi baƙi mai kama da ƙwayar shinkafa. Sawun gafiya ya fi girma, kuma ita ba ta tsayawa ta ci a wurin, takan cika kumatunta ta kai rami, saboda haka idan abu yana ɓacewa ɗungurungum, ki zagaya gindin katanga da bakin kwata ki nemi rami mai sabuwar ƙasa a bakinsa. Kurege da rana yake zuwa, kuma tonon irin da aka shuka ya fi damunsa. Ki kuma dubi karan da aka datse da kyau: ɓera da zomo suna yanka shi sumul a karkace, amma idan tsiron ƙarami ne aka yanke shi daidai da ƙasa aka bar shi a kwance, ki tona gindinsa da yatsa, sau da yawa za ki sami tsutsa mai launin toka a naɗe a ciki.

Akuya kuwa ba ta da haƙoran gaba a sama, don haka fizga take yi, ta bar ganye a yage, wani dashen ma ta tumɓuke shi da saiwarsa. Wannan alamar ce na fi sani, domin ita ta same ni. A hunturun da na fi samun albarkar lambu, tumatir ya yi 'ya'ya har sai da na kafa masa sanduna, latas da kabeji sun rufe ƙasa, zogalen da na dasa ya kai ƙuguna, ina ta murna cewa cefanen azumi zai yi mana sauƙi. Muka tafi gaisuwar rasuwa Wamakko, muka dawo bayan la'asar, na tarar da awakin maƙwabcinmu a tsakiyar fangali, sun ture darnin kara sun cinye rabinsa. Zogalen sun ɓare masa ɓawo har ya koma fari fat, kabejin kuwa sai kututture. Na zauna a bakin rijiya na kasa magana, ƙaramar 'yata tana tsince ɗanyen tumatirin da aka tattake tana tarawa a zaninta tana kuka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar mutumin. Da maigidanmu ya same shi cikin mutunci, sai ya ce ai an gama kaka, kowa ya saki dabbobinsa, wanda ya yi shuka shi ke da alhakin tsare ta, har ya ƙara da cewa ba shi da tabbacin nasa ne, alhali jajayen awakin nan suna tsaye a ƙofarsa da ganyen latas a bakinsu. Ko sannu bai ce ba. Mutumin da muke sallah a masallaci ɗaya, wanda iyalinsa ke aiko yaro a tsinko musu alayyafo ba tare da na taɓa karɓar ko kwabo ba! Sai da maganar ta kai gaban mai unguwa kafin ya yarda ya riƙa ɗaure su, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Saboda haka nake gaya wa kowa cewa shinge shi ne gaba da komai. Darnin kara abinci ne a wurin akuya. Ki sa ragar waya mai ƙananan idanu, ki binne gindinta kamar santimita 30 a ƙasa saboda masu tono, ki jera ƙayar magarya ko ta bagaruwa ta waje. Idan kina da fili, ki dasa aguwa, irin wadda manoman ƙauyukanmu ke kewaye gona da ita, domin dabbobi ba su damu da ita ba, sai dai ki hana yara wasa da ita saboda ruwanta yana cutar da ido.

Hujin da kika gani a jikin tumatir ina kyautata zaton tsuntsaye ne, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a nan, domin ƙishirwa ce ke kai su ga ruwan cikinsa. Ki ajiye musu kasko da ruwa nesa da lambun, ki riƙa tsinke tumatir da zarar ya fara ja ya ƙarasa nuna a ɗaki, ƙananan dashe kuma ki lulluɓe su da tsohon gidan sauro da ya gama aiki. Amma idan hujin ƙarami ne, ganyen kuma yana da fararen tabo kamar an ƙwaƙule cikinsa, wannan aikin tsutsar nan ce da ta yi wa tumatirin Arewa mummunar ɓarna a 2016, kuma maganinta daban ne.

Dalilin da ya sa na tsani shinkafar ɓera a gidan da ke da yara shi ne ba ta zaɓar wanda za ta kashe: kaza za ta tsince ta, kyanwa za ta ci ɓeran da ya mutu ta bi shi, yaro mai rarrafe kuma komai bakinsa yake kaiwa. Tarko ya fi, a ɗana shi a jikin katanga inda ɓera ke bi, a sa masa ƙuliƙuli ko busasshen kifi, a kwance shi da safe. Kada ki taɓa mataccen ɓera da hannu, kada kuma ki ci abin da ya gutsura, domin ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Idan kuma tarkon ya kama bushiya ko jaɓa, ba su ne ɓarayinki ba, ƙwari da tsutsotsi suke ci, suna ma taimaka miki.

Ki gwada tokar nan yau da dare, gobe ki ɗauko mana hoton sawun da na karan da aka datse, ki kuma faɗa mana ko akwai juji, kwata ko rumbun hatsi kusa da lambun. Allah ya mayar miki da alheri.