Filin Tambayi Malama: Kalmomin Turancin da ke rikita yaranmu

Wata uwa daga Gusau ta rubuto: "Salamu alaikum Malama. Yarona ɗan aji biyar ya dawo gida yana kuka wai malaminsu ya ja masa jan biro saboda ya rubuta borrow me your biro, ni kuma wallahi haka nake jin kowa na faɗa har manya. Ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara rarrashinsa don Allah, ki gaya masa kuskuren nan daga Hausarsa ya ɗauko shi kuma alama ce kansa na aiki. Mu a Hausa tushen kalmar ɗaya ne, ƙarshenta kawai muke juyawa. In ni zan karɓa sai in ce na ari biro, in kuma ina roƙo a ba ni sai in ce ara mini biro. Bature kuwa kalma biyu ya yi wa abin da ba su ma yi kama da juna ba. Wanda ya karɓa shi ne ya yi borrow, wanda ya bayar shi ne ya yi lend. To yaronki in yana son biron abokinsa hanya biyu gare shi, ko ya ce lend me your biro ko ya ce can I borrow your biro, duk daidai ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne borrow ta zauna kusa da kalmar me ta Turanci kai tsaye.

Yadda nake yi a aji, sai in tsayar da yara biyu gaban allo in ba ɗaya rula, in ce ya miƙa wa ɗayan. Mai miƙawa ya ce I lend, mai karɓa ya ce I borrow, su yi musanya su sake, sai a yi ta yi har 'yan baya su fara amshi da kansu. Ki gwada a gida da ludayi ko faifai, minti biyar ya isa. Kuma ki haɗa masa da teach da learn tunda matsalar ɗaya ce, koya mini shi ne teach me, na koyi karatu shi ne I learned, shi ya sa za ki ji yaro ya ce learn me. Wani wajen kuma mu muka fi su rarrabewa, don mu aro daban rance daban, tabarmar aro ita za a dawo da ita amma kuɗin rance wasu za a biya, su kuwa duk borrow ce. Shi biron ma da ake rigima a kansa sunan mutum ne, László Bíró ɗan ƙasar Hungary, ɗan jarida ne da ya ƙirƙiro alƙalamin ya yi masa rajista a 1938.

Wata ɗaliba 'yar JSS 1 daga Azare: "Anti na rubuta I drink medicine and I drink mango an ce ba daidai ba, alhali sha ai drink ne."

'Yata sha drink ce amma sai in abin ruwa ne da ake kurɓa, ruwa, shayi, kunu, fura. Ki duba irin aikin da muke saka kalmar nan sha a Hausa, mu sha magani mu sha mangwaro mu sha rake mu sha iska har wahala ma shan ta muke, Turanci kuwa kowanne da kalmarsa. Magani take ake cewa, I take medicine, ko da na ruwa ne a cokali. Mangwaro da lemon ɓawo eat, sai in an matse ruwan a kofi sannan ki ce drink. Rake chew. Shan wahala suffer.

Ji ma haka take, har ta fi sha yawan 'ya'ya. Na ji ƙara I heard a sound. Na ji wari I can smell something. Ina jin yunwa I am hungry. Ina jin Hausa I understand Hausa. Saboda haka kar ki yarda ki rubuta I hear smell a jarrabawa. Shawarata ki ware bayan littafinki ki ja layi a tsakiya, hagu jimlar Hausa cikakkiya dama jimlar Turancinta cikakkiya. Ni ban yarda da haddar kalma ɗaya tilo da ma'anarta ba, ita ce ke jefa ku cikin irin wannan.

Wani yaro daga Zariya yana tambaya wai baffa da kawu me ake ce musu, gwaggo kuma fa. Yarona duka biyun uncle ne, gwaggo da inna kuma aunt. In kana son a gane wanne kake nufi sai ka ƙara bayani, my father's brother ko my mother's brother. 'Ya'yansu mace da namiji duk cousin, ba sai ka ƙara brother ko sister a baya ba.

Wani malamin firamare daga Kano ya aiko da doguwar wasiƙa, taƙaicenta shi ne yara na cewa sorry in wani ya yi tuntuɓe, suna cewa I am coming alhali fita za su yi, shin ya hana su ne ko ya ƙyale?

Malam sannu da ƙoƙari. Ai sannu ce da ina zuwa suka sa rigar Turanci, kuma duk Najeriya haka ake magana ba yaranka kaɗai ba. A Ingila in mutum ya yi tuntuɓe ka ce masa sorry yana iya ce maka ai ba laifinka ba ne, don abin da suka saba ji a wajen shi ne are you okay. Mai fita ya dawo kuma I will be right back yake cewa. Amma ni ba zan hana yaro tausaya wa ɗan uwansa ba saboda nahawu, kuma Turancin Najeriya yanzu ba abin rainawa ba ne, babban ƙamusun Oxford da kansa ya shigar da kalmominmu 29 a watan Janairun 2020, har da Kannywood da okada. Abin da zan ce ka nuna musu guda biyun, ka ce wannan na hira ne a unguwa, wannan kuma shi mai duba takardar WAEC ko NECO yake son gani. Inda zan so ka tsaya da gaske shi ne off the light da on the fan, don wannan a rubuce maki yake ci, ka saba musu da switch off da switch on, duk wanda ya tashi kashe fanka a aji sai ya faɗi jimlar da ƙarfi kafin ya taɓa makunnin.