Tambayi Sista: 'Yata ce gwanar aji, amma ta faɗi jarrabawar Kansul

TAMBAYA: Assalamu alaikum Sista, ya aiki, ya iyali? 'Yata ta kammala shekara 3 a kwalejin koyon aikin jinya, kuma tun shigarta ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba. Da sakamakon jarrabawar Kansul ya fito sai aka ce ta ci ta kwamfuta, amma ta faɗi ta gwajin aiki, wadda suke kira Oski. Yau kwana biyu ko loma ba ta sa a baki ba. Ta ce min a wani wurin ta manta ba ta wanke hannu ba, a wani kuma ba ta tambayi majinyacin sunansa ba, alhali majinyacin nan mutum-mutumin roba ne! Fisabilillahi Sista, a kan wanke hannu za a kayar da yarinya? Ko dai abin sai da hanya? Mahaifinta gona ya jinginar saboda karatun nan.
Wata uwa, daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanyaya mata zuciya, ke ma ya ba ki haƙuri. Ki fara lallashinta ta ci abinci tukuna, sannan ki ba ta shafin nan ta karanta, don rabin maganar da ita nake yi.

Jarrabawar aji daban, ta Kansul daban. Ta aji malamanta ne suka shirya, sun san ta, sun san ƙwazonta. Ta Kansul kuwa ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce, wadda aka kafa da doka a 1979, kuma ita kaɗai ke ba da lasisin taɓa jikin mara lafiya da sunan nas. Mai kula da jarrabawar daga wata makaranta ake turo shi, bai san 'yar wa ce ba, bai san ta nawa take yi a aji ba. Takarda ce a hannunsa mai ɗauke da matakan aikin ɗaya bayan ɗaya. Kin yi, ya ba ki maki. Ba ki yi ba, ya wuce. Ana neman kashi 50 cikin 100, kuma ƙananan makin nan da ake rainawa, na gaisuwa da wanke hannu da rubuta abin da aka yi, su ne ke taruwa su ja mutum ƙasa. Saboda haka da wuya a ce wanke hannu kaɗai ne ya kayar da ita. Shi ne dai ta tuna.

Amma tunda kin ce "a kan wanke hannu", bari in ba ki labarin tambayar suna, don shi ne har yau ke sa gabana faɗuwa.

Ina sabuwar nas, aikin dare, a ɗakin mata na wani asibitin gwamnati. Wuta ta ɗauke, da tocila nake zagaye. Gado biyu maƙwabtan juna, mata biyu masu suna ɗaya, sunan uba ma ɗaya. Kin san ƙasarmu, ki kira suna guda a ɗakin haihuwa mata uku su amsa. Ɗaya mai ciwon suga ce, an rubuta mata allurar insulin, ɗayar zazzaɓi ne ya kwantar da ita kuma rabonta da abinci tun safe. Na zuƙi allura, na nufi gadon da nake zaton shi ne, har na kama zanenta zan ɗaga. Sai muryar malamarmu ta aji ɗaya ta faɗo min, wadda in ba ka duba kati ba take ƙwace sirinji ta ce koma bayan layi. Na haska katin, na tambayi baiwar Allah garinsu. Ba ita ba ce. Da na soka mata allurar nan a kan yunwa, suganta zai faɗi cikin dare, kowa na zaton barci take. Na koma teburi na zauna, hannuna na rawa, ban gaya wa kowa ba sai bayan shekaru, da na fara koyarwa.

Ba ilimi ne ya cece ni a daren nan ba, ilimin insulin ina da shi. Sabo ne, hannu da ya riga ya saba duba kati ko da kai ya gaji. Wannan sabon ake nema a Oski. Robar nan da kike gani tana tsaye ne a madadin wani, wataƙila a madadinki.

A zamaninmu ba haka ake yi ba. Ɗakin majinyata ake kai mu, kowa da wanda ya faɗo masa. Wata ta dace da dattijo mai haƙuri da mai jarrabawa mai fara'a, wata ta haɗu da yaro mai tsala ihu da matar da ba ta taɓa murmushi ba. Sa'a ta fi yawa a ciki. Wani likita mai suna Ronald Harden, a Dandi ta ƙasar Sikotilan, shi da abokan aikinsa suka fito da tsarin Oski a 1975: a jera tashoshi, kowace da aikinta, kowane ɗalibi ya bi su duka, lokaci ɗaya, ma'auni ɗaya, ƙararrawa na kaɗawa a matsa gaba. Nas ɗin da za ta je aiki Ingila ma sai ta bi ta tashoshi 10 irin waɗannan kafin a yi mata rajista. Ni da na ɗanɗana tsohon tsari na kuma yi alƙalanci a sabon, wallahi sabon ya fi yi wa ɗan talaka adalci.

Ba wai ba shi da aibi ba. Na sha ganin ɗalibai sun zama aku: yarinya ta shigo tana rera "na gaishe shi, na wanke hannu, na ja labule" kamar karatun allo, ga famfo a gefenta ba ta ko kalle shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, ita kuwa da baki ta gama shi. Laifin kuma ba na yara ba ne su kaɗai. Makarantar da za ta cika aji maƙil, ta ajiye mutum-mutumi ɗaya a kulle a kabad sai ana saura mako biyu a fito da shi, ita ta fara kayar da ɗalibanta. Ki tambayi 'yarki sau nawa ta taɓa kayan da hannunta kafin ranar. Amsar za ta iya ba ki mamaki.

To 'yata, ga naki. Ki daina ƙara karatu, kin riga kin ci wannan ɓangaren. Ki samo agogo da ƙanwarki da filo. Ki kwantar da ita, ki yi sallama, ki faɗi sunanki, ki tambayi nata, ki gaya mata abin da za ki yi mata ki nemi izininta, ki wanke hannu da ruwa na gaske, ki ƙirga bugun jijiyarta minti guda cur, ki rubuta. Kullum, har ya zama kamar alwala, wadda ba ki tsayawa tunanin me ke biye da me. Lissafin ƙarin ruwa kuma ki yi shi ana duba miki agogo: leda mai mil 500, a cikin awa 4, da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowane mil, ɗigo nawa ke nan a minti? In kin wuce rabin minti ba ki ce 42 ba, da sauran aiki.

Sau biyu ake yin jarrabawar nas a shekara, Mayu da Nuwamba, don haka jiran ba mai tsawo ba ne. A da in mutum ya faɗi sau 3 shi ke nan, an sallame shi, amma a 2025 Hukumar ta sanar da soke wannan ƙa'ida. Hajiya, sai 'yarki ta je wurin shugabar makarantarsu a sake yi mata rajista. Batun hanya kuwa Hajiya, duk wanda ya zo ya ce ku kawo wani abu zai gyara sakamako, ragowar gonar yake hari. Kada ku ba shi ko sisi.

TAMBAYA: Mama, na yi shekara 2 ina koyon aiki a wani asibitin kuɗi a unguwarmu. Na iya allura, na iya sa ruwa, har ɗinki ina yi, kuma likitan ya ba ni takardar shaida. Zan iya zama jarrabawar Kansul?
Wani matashi, daga Potiskum

AMSA: A'a ɗana, ba za ka iya ba, kuma gara ka ji daga bakina. Sai wanda ya shiga makarantar da Hukumar ta amince da ita, aka aika sunansa aka ba shi lambar ɗalibi tun farkon karatu, shi ke zama jarrabawar. Takardar likitan nan ba lasisi ba ce, kuma ranar da allura ta ɓaci kai za a riƙe. Tunda hannunka ya faɗa, kada ka bar shi ya tafi a banza. Nemi kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, sannan ka yi JAMB ka zaɓi kwalejin jinya ko jami'a. Kafin ka biya ko kwabo, ka duba sunan makarantar a jerin da Hukumar ke fitarwa. In ka samu gurbi ka rubuto min, akwai maganar PTS, wato watanni shidan farko na karatun jinya da ake tankaɗe da rairaya, da ya kamata mu yi kafin ka ɗauki akwati.