Wane ne Cole ɗin da jirgin yaƙin Amurka ya ci sunansa?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayenmu da yayyenmu, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari tambayarka. Ka ce ka ji ana maganar Sudan ta biya diyya saboda wani jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Cole, kana so ka san ko Cole ɗin gari ne ko mutum, kuma me ya haɗa Sudan da shi tunda a Yemen aka kai harin. To gyara zama, maganar tana da ɗan tsawo, shi ya sa na ga gara in yi ta da baki.

Cole mutum ne. Sunansa Darrell Samuel Cole, an haife shi a 1920 a jihar Missouri. Al'adar sojan ruwan Amurka ce, irin waɗannan jirage da ake kira distiroya sukan ci sunan wani soja da ya yi jarumta, galibi wanda ya riga ya mutu. Shi wannan bawan Allah yana makarantar sakandare ya koyi busa ƙaho na 'yan badujala, kuma wannan busar ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Da ya shiga sojan ƙundumbala a watan Agustan 1941, suka duba takardunsa suka ga ya iya busa, sai suka ce to shi ke nan, mai busa begila ne kai. Shi kuwa bindiga ya zo riƙewa. Ya rubuta takarda a canza masa aiki, aka ce masu begila sun yi ƙaranci, ya haƙura. Ya sake rubutawa, amsar dai ita ce.

Sai dai fagen fama ba ya tambayar abin da ke rubuce a fayil. A tsibirin Guadalcanal, cikin 1942, ana yaƙin duniya na biyu da Japan a Tekun Fasifik, da aka rasa mai harba mashinga, shi ya zauna a bayanta. Haka ya yi a Kwajalein farkon 1944. A Saipan kuma aka kashe shugaban ƙaramar tawagarsu, shi ma ga rauni a jikinsa, amma ya karɓi jagorancin ya ci gaba da su, har aka ba shi lambar yabo a kan haka. Duk wannan fa a takarda mai begila ne. Sai a ƙarshen 1944 hukuma ta ga babu amfanin ci gaba da musu, ta amince, a Janairun 1945 aka ba shi saje. Ka lissafa ka gani, bai kai wata biyu yana sajen ba ya mutu.

Ranar 19 ga Fabrairun 1945 aka sauke su a Iwo Jima. Tsibiri ne ɗan ƙarami, bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, bakin ruwansa baƙar tokar aman wuta ce mai zurma ƙafa, mutum ba ya iya gudu a kai, ko rami ya tona sai ya rufta. Janar ɗin Japan, Kuribayashi, ya shige da sojojinsa wajen 21,000 ƙarƙashin ƙasa, cikin ramuka da ɗakunan kankare masu 'yar taga ta harbi. Bai hana su sauka ba. Ya bari sai da bakin ruwa ya cika da mutane da kaya tukuna aka buɗe wuta.

Cole yana jagorantar 'yan mashinga, an nufi filin jirgin sama na farko. Ɗakunan kankare uku suka tsare su da wuta, ba gaba ba baya. Ya kafa bindiga ɗaya da ta rage musu, ya rufe bakin ɗaya daga ciki, sai bindigar ta cije. To nan ne ya yi abin da ya sa muke maganarsa yau. Ya tashi shi kaɗai, da ƙaramar bindiga da gurneti ɗaya tak, ya nufi sauran biyun. Ya jefa, ya dawo ya ɗebi wasu gurnetin, ya koma. Ya sake dawowa ya ɗiba, ya koma karo na uku, sai da wurin ya yi tsit. Yana kan hanyar komowa wajen yaransa gurnetin abokan gaba ya same shi. Ranar farko ke nan ta yaƙin da ya ci fiye da wata guda da rayukan Amurkawa kusan 6,800, Japanawan kuwa 'yan kaɗan ne suka fita da rai. Shekararsa 24. A 1947 aka miƙa wa matarsa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka.

Jirgin da ya ci sunansa, lambarsa DDG-67. A Pascagoula ta jihar Misisipi aka ƙera shi, ya fara aiki ranar 8 ga Yunin 1996, mazauninsa Norfolk. Tsawonsa mita 154, ma'aikata wajen 300, yana da ramukan harba makamai masu linzami guda 90, da na'urar Aegis mai hango jirgin sama ko makami tun yana can nesa. Wato an gina shi ne don manyan abokan gaba masu zuwa daga sama ko ƙarƙashin ruwa.

Yanzu ga Aden, tashar jiragen ruwa ta Yemen. Ranar 12 ga Oktoban 2000, jirgin ya ratso mashigin Suez zai tafi Tekun Fasha, inda ake aikin tsare takunkumin da aka sa wa Iraƙi, ya tsaya shan mai. Tsayuwar 'yan sa'o'i ce kawai. Tashar cike take da ƙananan jirage, masu kama igiya, masu kwasar shara. Da misalin ƙarfe 11:18 na safe wani kwalekwale mai inji ya taho da mutum biyu a ciki, a hankali, har an ce sun ɗaga wa masu gadi hannu. Masu gadin suka ɗauka 'yan shara ne. Ko da ma sun yi zargi, dokar da aka ba su ba ta yarda su yi harbi ba sai da izinin na sama. Kwalekwalen ya manne da gefen hagu na jirgin ya tashi. Raina kama ka ga gayya. Ramin da ya buɗe ya kai wajen mita 12, kuma daidai wajen kicin da ɗakin cin abinci, a lokacin da yara suka fara layin abincin rana. Mutum 17 suka mutu, biyu daga cikinsu mata, kusan 40 suka ji rauni. Da yawansu 'yan shekara 19 zuwa ashirin da 'yan kai ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne wannan bambancin. Mutumin ya shekara uku yana roƙon a ba shi bindiga, da ta cije masa ya tashi da gurneti ɗaya ba tare da jiran kowa ba. Jirgin da ke ɗauke da sunansa kuma, makamai fal cikinsa, amma mai gadinsa ba shi da ikon ɗana kunama. Ni dai ban ga laifin yaran da ke gadi ba. Kana baƙo a tashar wata ƙasa, in ka harbi mai kwasar shara ka ja wa ƙasarka rigima. Laifin na waɗanda suka zaɓi Aden ne a matsayin gidan mai ba tare da sun san abin da ake ƙullawa a garin ba. Don a Janairun wannan shekarar, a wannan tashar, 'yan Alƙa'ida sun gwada kai wa wani jirgin, The Sullivans, irin wannan harin, sai kwalekwalensu ya nutse saboda nauyin bama-baman. Suka tsamo kayansu suka jira wata tara, babu wanda ya farga.

Kuma a ganina inda jirgin ya cancanci sunan da ya ci shi ne bayan fashewar. Wuta ta ɗauke, lasifikar da ake ba da umarni ta mutu, ruwa yana kwarara ɗakin inji, ga zafin Aden, ga gawawwakin abokai maƙale cikin ƙarfen da ya lanƙwashe. Babu mai gaya wa kowa abin yi, kowa ya kama abin da aka horar da shi a kai. Suna tokare bango da katako, suna toshe ɓaraka, da janareta ya mutu aka koma kwasar ruwa da bokiti hannu da hannu. Kwana uku zuwa huɗu ana wannan fama, suna kwana a saman jirgi a fili. Wani jirgin yaƙin Ingila, Marlborough, shi ya fara isowa da agaji, Faransawa kuma suka kwashi wasu masu rauni zuwa asibitinsu a Jibuti. Jirgin bai nutse ba.

Yadda aka mai da shi gida ma abin kallo ne. Akwai wani ƙaton jirgin dakon kaya na kamfanin Norway, Blue Marlin, wanda yakan ɗura ruwa a cikinsa ya nutsar da bayansa, a jawo jirgi a tsai da shi a kai, sannan ya amayar da ruwan ya taso da shi. Kamar dai a ɗora motar da ta yi haɗari a bayan tirela. A Disamban 2000 ya isa Pascagoula inda aka ƙera shi. Gyara ya ci wata 14 da dala miliyan 250 ko kusa da haka, a 2002 ya koma Norfolk, ƙarshen 2003 ya sake fita aiki. A daɓen hanyar ɗakin cin abincin an dasa taurari 17. Kwamandansa na lokacin, Kirk Lippold, bincike bai hukunta shi ba, amma ƙarin girma bai sake samunsa ba har ya yi ritaya a 2007.

Batun Sudan kuwa, ga yadda yake. Usama bin Laden ya zauna a can daga 1991 zuwa 1996, zamanin Umar al-Bashir. Iyalan waɗanda suka mutu suka kai ƙara kotun Amurka cewa gwamnatin Sudan ta ba Alƙa'ida mafaka da hanyar kuɗi da takardun tafiya. A 2007 alƙali a Norfolk ya ba su gaskiya. A wata ƙarar ta waɗanda suka ji rauni an yanke fiye da dala miliyan 300, amma a 2019 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, kuma dalilin zai ba ka dariya: an aika sammacin ofishin jakadancin Sudan a Washington, alhali doka ta ce ministan harkokin waje za a aika wa a Khartoum. Bayan faɗuwar al-Bashir, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta yi sulhu da iyalan a Fabrairun 2020, tana faɗa ƙarara cewa ba ta da hannu a harin, tana biya ne don a cire ta daga jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci. A Disamban 2020 aka cire ta. Talakan Sudan da bai san hawa ba bai san sauka ba, daga aljihunsa kuɗin suka fito, wannan kam abin a duba ne.

Waɗanda ake zargi da shirya harin, Fahd al-Quso Amurka ta kashe shi da jirgi marar matuƙi a 2012, Jamal al-Badawi kuma a farkon 2019, duk a Yemen. Babban cikinsu, Abdurrahim al-Nashiri, tun 2002 aka kama shi, hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta azabtar da shi a ɓoyayyun gidajen yari, har da kwarara masa ruwa a fuska kamar zai nutse, a 2006 aka kai shi Guantanamo. A 2023 alƙalin soja ya yi watsi da ikirarin da ya yi saboda azabar ta gurɓata shi. Amurkawan da kansu suka ɓata shari'arsu.

Shi kuwa jirgin bai yi ritaya ba. A 2008 an tura shi gaɓar Labanon, a 2017 ya koma ruwan Yemen bayan 'yan Husi sun kai wa wani jirgin yaƙin Saudiyya hari, kuma ranar 1 ga Oktoban 2024, daren da Iran ta harba makamai masu linzami kan Isra'ila, Cole na cikin jiragen Amurka biyu da suka yi harbi don tare su daga Bahar Rum.

An kira salla a nan wajenmu, bari in tsaya. Wanda ke da ƙari a cikin manyanmu, bismillah.