Tuwon masarata yana ɗaci, an ce wuta tana kashe komai

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya sayo mana buhun masara da araha. Da na buɗe sai na ga wasu ƙwayoyin sun yi baƙi, wasu kore-kore, ga warin danshi. Na kai inji aka niƙa, amma tuwon yana gudaji, kuma yana ɗan ɗaci ko da miyar kuka ta yi daɗi. Uwar mijina ta ce in wanke sauran in shanya, ai wuta tana kashe komai. Yarana uku, da garin nake dama wa autan koko. Hankalina ya kasa kwanciya. Daga wata baiwar Allah, Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gudaji shi ne ƙaramar matsalar. Ki dama ruɗen da ruwan sanyi, ki bar shi ya dahu sosai kafin ki fara zuba busasshen gari kaɗan-kaɗan kina tuƙawa da muciya, sannan ki rage wuta ki rufe ya turara kamar minti 10, ki sake tuƙawa. Shi ke nan.

Amma ki dakatar da kokon yaron nan daga yau. Hajiya uwa ce, kuma alheri take nufi, sai dai maganar nan ta "wuta tana kashe komai" kusan kullum sai na ji ta a wurin aiki, kuma tana cutar da mutane. Baƙi da koren da kika gani a masarar fumfuna ce, kuma wuta tana kashe fumfunar, gaskiya ne. Ba ta kashe gubar da fumfunar ta riga ta zuba a cikin ƙwaya. Sunan gubar afalatoksin. Ruwan tukunyarki a digiri 100 yake tafasa, ita kuwa sai zafi ya haura digiri 200 sosai kafin ta fara lalacewa. Ko kwana za ki yi kina tuƙi, tana nan. Rana ma ba ta cire ta: shanya tana busar da masarar ne, ta ɓoye warin.

Abin da ya fi damuna, gubar ba ta da ɗanɗano. Ɗacin da kika ji na lalatacciyar ƙwaya ne, ke Allah Ya taimake ki kin sami alama. Wata masarar tuwonta zai yi fari tas, ya yi daɗi, gubar na ciki. Hanta take ci a hankali, shekara da shekaru, tana kuma cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a garin nan. Ga yara tana da alaƙa da tsumburewa. In ta yi yawa, cikin ɗan lokaci take kisa: a Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda gurɓatacciyar masara. Duk da haka sai ka ji mai magani a lasifika yana cewa a sha jiƙo ya "wanke hanta", wata kuma ta ce a ƙara kanwa a ruɗe. Ba jiƙon da ke wanke wannan gubar, kanwa kuma ba abin dogaro ba ce wajen cire ta.

'Yan kasuwarmu na Dawanau da sauran kasuwanni, ku ji tsoron Allah. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji lema a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai ɗura masara a buhu ba ta gama bushewa ba don ta yi nauyi, ya shimfiɗa mai kyau a baki, ya san abin da yake yi.

Nan gaba ki sa hannu har tsakiyar buhu kafin a biya. Ki tsince duk mai baƙi, mai huji da fasasshiya, ki zubar da wadda ta taso a kan ruwa, a surfa a bakace kafin niƙa, domin dusa tana tafiya da wani kaso na gubar. Wannan ga masarar da lalatacciyar cikinta 'yar kaɗan ce. Taki da har wari take yi, a mayar wa mai ita ko a binne ta. Kar ki ba kaji, kar kuma ki ba akuyar da ake tatsa, domin gubar tana fita a nono. Autan kuma, in kin ga idonsa ya yi ɗorawa ko yana amai, ki kai shi asibiti ranar.