IPv4 ko IPv6 ga na'urar famfon ban-ruwa?

Malam, idan na fahimce ka, ka haɗa ƙaramar na'ura da ESP32 (ɗan ƙaramin allon kwamfuta mai Wi-Fi) don ka riƙa kunna famfon gonarka a fadamar Galma daga waya, kana tambayar wanne za ka sa mata cikin tsare-tsaren adireshin intanet guda biyu, tsohon IPv4 ko sabon IPv6.

Fara duba layin da za ta hau. In sim ne a modem, sau da yawa IPv4 za ka samu, kuma adireshi ɗaya ake raba wa jama'a da yawa, domin adiresoshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kawai, sun ƙare a rumbun IANA, hukumar da ke rabon adiresoshin intanet, tun 2011. Saboda haka ba za ka iya kiran na'urar kai tsaye daga Samaru ba. Ka sa ita ta fita ta nemi sabar MQTT, wato kwamfutar da ke isar da saƙonni tsakanin na'urori a intanet, wayarka ta same ta can. Kuma ka rubuta sunan sabar, kada ka kafe lambar adireshi a cikin manhajar, domin in ka kafe ta, ranar da ta canza sai ka taka har gona.

ESP32 na ɗaukar duka biyun, ni haka nake barinta, ƙwaƙwalwar da za ta ƙara ci ba ta da yawa. In kuwa na'urori masu batir ne da ke magana ta Thread (tsarin sadarwa mara waya na ƙananan na'urori), IPv6 ya zama dole.

Hattara da abu biyu. Kada ka toshe ICMPv6, wato tsarin saƙonnin kula da layi na IPv6, gaba ɗaya, da shi na'ura ke gano maƙwabtanta. Sannan IPv6 na iya barin na'urar a fili ga kowa a intanet, to ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita.

In layin ofis ko makaranta za ta hau, zauna da injiniyan da ke kula da shi tukuna.