Amsa kan gobarar asibitin korona na Bagadaza da batun oksijin

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin tuna gobarar nan ta asibitin korona a Bagadaza hankalinki ya tashi tunda an ɗora Mama kan oksijin a gida, kina tambaya wai oksijin ɗin ne ke kamawa da wuta. Ni nas ce, kuma na yi aiki a cibiyar killace masu korona a 2020, bari in faɗa miki abin da na sani.

Oksijin shi kansa ba ya cin wuta, hura ta yake yi kamar ana fifita garwashi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin a cikinta, da ya ɗan haura haka a ɗaki rufaffe to zanin gado, katifa, labule har gashin mutum duk sai su zama abin da tartsatsi ɗaya ya ishe su. Kuma masu korona da jikinsu ya yi tsanani akwai na'urar da ke ba su har lita 60 a minti ɗaya, ba duka suke shaƙewa ba, saura ɗakin yake bi, ga sanitaiza mai cin wuta a kowane lungu.

Asibitin nan na Bagadaza da kike magana, Ibn al-Khatib, na cututtuka masu yaɗuwa ne, daren 24 ga Afrilun 2021 cikin azumi silindar oksijin ta fashe, mutum 82 suka rasu wasu 110 suka jikkata, Allah ya jiƙansu. Abin da ya fi ƙona min rai babu ƙararrawar hayaƙi babu na'urar fesa ruwa, silin ɗin ma irin mai saurin kamawa ne, sannan wanda ke kan na'urar numfashi ina zai gudu? in ka cire shi ya mutu in ka bar shi hayaƙi ya kashe shi, shi ya sa har masu jinya da yawa suka tafi tare da 'yan uwansu. Ministan lafiya na Iraƙi Hassan al-Tamimi ya sauka, amma ko wata uku ba a yi ba wata gobarar ta sake tashi a asibitin al-Hussein na birnin Nasiriyya a can Iraƙin, aƙalla mutum 60 suka rasu. Ni dai sakaci nake kiransa.

Da na koma aikin wod bayan korona, abin da nake fama da masu jinya a kai kullum shi ne soket, waya huɗu da butar lantarki duk a jone ƙarƙashin gado kusa da silinda. Sai basilin, leɓen mara lafiya yakan bushe don tausayi sai a lafta masa, alhali maiƙo da oksijin ba sa shiri ko kaɗan, ko makunnin silinda ba a taɓa shi da hannu mai mai.

To a ɗakin Mama Hajiya don Allah a haƙura da turaren wuta, na san da wuya amma kaskon nan kar ya shiga, haka igiyar sauro da kyandir in an ɗauke wuta. A bar taga a buɗe, silindar ta tsaya a tsaye a ɗaure kar yara su ture ta, a rufe makunninta in ba a amfani, in kin ji tana huci ki kira wanda ya kawo ta kar ki ce za ki gyara da kanki. Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne.